Abin da ke hana kwamfuta kwance babban kundin ajiya

Da yawa daga cikin masu ajiye bayanai a na'ura mai ƙwaƙwalwa kan ɗauka cewa da zarar sun tattara fayilolinsu, sun matse su a kundi guda, sun kuma kwafe kundin zuwa wani wuri na dabam, to magana ta ƙare.

Sai dai ba a ranar ajiya matsalar kan fito ba. Takan fito ne ranar da aka zo kwance kundin, lokacin da kwamfutar asali ta riga ta lalace, ko an sace ta, ko kuma an baro ta a garin da aka yi hijira daga cikinsa. A ranar ce na'urar da aka aro za ta fara aikin, ta yi nisa ko ta yi kaɗan, sannan ta tsaya ta fito da saƙon cewa memori bai isa ba.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, idan aka duba sai a ga akwai fili mai yawa a cikin na'urar. To wane memori ne kuma bai isa ba?

Inda ajiyar hannu ke da daraja

Wannan tambaya tana da nauyi na musamman a ƙananan hukumomin Batsari da Safana da ke yammacin jihar Katsina, a bakin dajin Rugu, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba dubban jama'a da ƙauyukansu.

A watan Satumba na shekarar 2021, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara, kwanaki kaɗan bayan an ɗauki irin wannan mataki a jihar Zamfara. Sai a watan Disamba na shekarar aka fara maido da layukan.

A tsawon waɗannan watanni, duk wanda ya jingina bayanansa a intanet, ko a Google Drive ko a akwatin imel, bai da hanyar kai wa gare su sai ya yi tattaki zuwa inda ake samun sabis. Abin da ke hannun mutum kawai shi ne nasa: katin memori, ko filas, ko rumbun kwamfuta na tafi-da-gidanka.

Bayanan da ake magana a kai kuma ba na wasa ba ne. Akwai rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa a hannun malaman makaranta, da hotunan takardun gona da na fili, da lissafin bashi na 'yan kasuwa, da karatuttukan malamai da aka naɗa tsawon shekaru. Akwai kuma jarin masu shagunan tura finafinai da waƙoƙi a waya, waɗanda dukiyarsu kacokan tana cikin rumbu ɗaya ko biyu.

Galibin kwamfutocin da ke irin waɗannan wurare 'yan gwanjo ne, waɗanda aka sayo daga Kano ko Legas bayan sun gama aiki a Turai ko Amurka. A nan ne matsalar take samun gindin zama.

Memori iri biyu

A bakin Bahaushe, memori shi ne ɗan katin nan da ake sa wa waya, ko kuma filin da ke cikinta na ajiye hotuna da bidiyo. A harshen masu ƙera kwamfuta kuwa, kalmar tana nufin wani abu dabam, wato abin da masu gyara ke kira ram.

Manomi zai fi saurin gane bambancin. Rumbu shi ne wurin da damman gero ke zaune shekara da shekaru. Masussuka kuwa ita ce filin da ake kwance dami a baza shi a yi aiki a kansa. Mutum na iya mallakar rumbuna goma amma masussukarsa ba ta wuce faɗin tabarma ba.

Rumbun kwamfuta yana riƙe bayanai ko da an kashe ta. Ram kuwa wurin aiki ne na wucin gadi, yana da sauri ƙwarai, amma ƙarami ne, kuma da an ɗauke wuta komai na cikinsa ya tafi. Ba abin mamaki ba ne a ga kwamfutar da rumbunta ya kai gigabait 500, amma ram ɗinta gigabait 2 ne ko 4, kuma a ciki manhajar Windows da sauran manhajojin da ke aiki a ɓoye sun riga sun cinye kaso mai tsoka.

Saboda haka idan manhajar kwance kundi ta ce memori bai isa ba, masussuka take nufi. Goge hotuna da finafinai daga rumbu ba zai ƙara mata ko taƙi ɗaya ba, ko da yake shi ne abin da mutane da dama kan fara yi, wani lokaci ma har su yi asarar abin da ba su da kwafinsa.

Yadda ake matse fayil

Domin a fahimci dalilin da ya sa wani kundin ke neman ram mai yawa wani kuma ba ya nema, sai an san yadda ake matsewar tun farko.

Tushen dabarar da galibin manhajoji ke amfani da ita ya samo asali ne daga wani aiki da masana biyu na Isra'ila, Abraham Lempel da Jacob Ziv, suka wallafa a shekarar 1977. Hikimar ita ce, bayanai suna yawan maimaita kansu, kuma babu dalilin rubuta abu sau biyu.

A ɗauki rajistar wata makaranta mai ɗalibai dubu, inda a gaban sunan kowane ɗalibi aka rubuta "Ƙaramar Hukumar Batsari, Jihar Katsina". Wannan jimla ta kusa haruffa 40. Manhajar matsewa za ta rubuta ta cikakkiya a karon farko. A karo na biyu kuwa sai ta sa wata 'yar alama mai cewa: koma baya haruffa kaza, ka kwafo 38 daga can. Haka za ta yi ta yi har sau 999, kuma kowace alama ba ta kai rubu'in jimlar ba.

To amma akwai sharaɗi. Kafin mai kwancewa ya iya bin umarnin komawa baya, dole abin da ke bayan ya kasance a gabansa, a kan masussuka. Wannan yanki na bayanan da aka riga aka kwance, wanda manhaja ke riƙe da shi a ram domin ta riƙa waiwaye, shi ake kira ƙamus.

Girman ƙamus shi ne iyakar nisan da za a iya waiwaya. Idan ƙarami ne, manhaja ba za ta lura cewa wasiƙar da take matsewa yanzu kusan ita ce wadda ta wuce fayiloli ɗari biyar a baya ba. Idan babba ne za ta lura, kundin kuma ya ƙara ƙanƙancewa.

Abin lura a nan shi ne, mai matsewa ne ke zaɓar girman ƙamus, kuma zaɓin nasa yana shiga cikin kundin ya zauna. Mai kwancewa ba shi da ikon rage shi. Idan an matse da ƙamus mai gigabait 1, to duk na'urar da za ta kwance kundin sai ta ware kimanin gigabait 1 na ram domin wannan aiki kaɗai, ko da kuwa takarda ɗaya tak ake nema a ciki.

Ke nan ba girman kundin ne ke jawo matsalar kai tsaye ba. Kundi mai gigabait 100 na iya kwancewa lami lafiya a tsohuwar kwamfuta, wani mai gigabait 6 kuma ya gagare ta.

Daga ZIP zuwa RAR

Tsarin ZIP, wanda Ba'amurken nan Phil Katz ya fito da shi a shekarar 1989, an gina shi ne a zamanin da ram ke da tsadar gaske. Ƙamusun da ya saba amfani da shi kilobait 32 ne kacal, wato bai kai girman hoton waya guda ɗaya ba. Wannan ne ya sa da wuya a ga kundin ZIP na yau da kullum ya gagari na'ura saboda ƙarancin ram, komai tsufanta.

ZIP yana da nasa cikas ɗin. A tsarinsa na asali kundi ba ya wuce gigabait 4, kuma ba ya ɗaukar fayil fiye da 65,535. A shekarar 2001 aka faɗaɗa shi da abin da aka kira ZIP64, amma manhajar kwancewa da ke cikin Windows XP ba ta san wannan sabon tsari ba, don haka takan ce kundin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau.

Tsarin 7z na manhajar 7-Zip, wadda ɗan Rasha Igor Pavlov ya fara fitarwa a shekarar 1999, ya fi ZIP iya matsewa nesa ba kusa ba, kuma babban sirrinsa shi ne faɗin ƙamus. Mai amfani da ita na iya zaɓar megabait kaɗan, yana kuma iya zaɓar fiye da gigabait 1.

Alƙaluman wata manhaja mai suna xz, wadda ke amfani da irin dabarar 7-Zip a kwamfutocin Linux, sun nuna yadda lissafin yake. A matakinta na yau da kullum ƙamus megabait 8 ne, matsewa na cin megabait 94 na ram, kwancewa kuma megabait 9. A mataki mafi tsanani ƙamus megabait 64 ne, matsewa na cin megabait 674, kwancewa kuma 65. Wato matsewa na neman kimanin ninki goma na ƙamus, kwancewa kuwa ninki ɗaya da ɗan ɗoriya.

A zahiri wannan tsari rahama ne ga masu ƙananan na'urori, domin nauyin yana kan mai matsewa. Amma yana kuma nufin cewa mai kwamfuta mai ram gigabait 32, a wani ofis a Abuja ko Kaduna, zai iya zaɓar ƙamus mai gigabait 2 ba tare da ya ji komai ba, ya aika da kundin zuwa Safana, inda kwamfutar da za ta karɓa gaba ɗayan ram ɗinta ke nan.

Labarin RAR ya fi fito da yadda abin ke ƙaruwa. Eugene Roshal, shi ma ɗan Rasha, ya ƙirƙiro tsarin a shekarar 1993, kuma shekaru da dama ƙamusunsa bai wuce megabait 4 ba. A shekarar 2013 fitowa ta biyar ta WinRAR ta ɗaga iyakar zuwa gigabait 1. A shekarar 2024 fitowa ta bakwai ta kai ta har gigabait 64.

Su kansu masu manhajar sun san haɗarin da ke tattare da hakan, shi ya sa suka sa ta riƙa tsayawa ta nemi izini kafin ta kwance kundin da ƙamusunsa ya haura gigabait 4. Haka ma manhajar Zstandard, wadda kamfanin Facebook ya fitar a shekarar 2016, takan ƙi kwance duk abin da ke neman fiye da megabait 128 sai an ba ta umarni na musamman. A irin wannan hali saƙon da ya fito ba ya nufin na'urar ta gaza, shinge ne kawai da aka gindaya, kuma ana iya ɗage shi idan ram ɗin ya wadata.

Akwai dalilin tsaro a bayan shingen. An daɗe da sanin kundayen da ake ƙirƙira domin ɓarna, kamar wani mai suna 42.zip, wanda girmansa kilobait 42 ne amma idan aka kwance shi gaba ɗaya zai kai kimanin gigabait miliyan huɗu da rabi.

Ram na nan, manhaja ba ta ganinsa

Wani lokaci kwamfutar tana da ram mai yawa amma saƙon ya ci gaba da fitowa. Galibi dalilin shi ne manhajar da aka ɗora irin ta da ce, mai tsarin bit 32.

Manhaja mai wannan tsari a kan Windows ba ta saba ganin fiye da gigabait 2 ba, ko da na'urar tana da 8 ko 16. Kuma ƙamus yana buƙatar fili a jere ne, ba gutsuttsura nan da can ba, don haka tun kafin a kai gigabait 2 ɗin ana iya cin karo da bango. Idan ita kanta Windows ɗin ce mai bit 32, to gaba ɗayan na'urar ba za ta amfana da abin da ya wuce gigabait 3 da 'yan kai ba.

Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutocin gwanjo, inda mai gyara kan ɗora duk manhajar da ke cikin filas ɗinsa ba tare da ya duba wace iri ce ba. Maganinsa kuwa ba ya cin ko sisi: a cire ta a sa mai bit 64, matuƙar na'urar tana ɗauka. Manhajar 7-Zip kyauta ce, kuma tana kwance ZIP da RAR da 7z duka, sai dai sabon kundi yana son sabuwar fitowa.

Yawan fayiloli ma wani nauyi ne. Kafin manhaja ta fara aiki takan karanto jerin sunayen duk abin da ke cikin kundin ta riƙe a ram. Fim ɗari ba komai ba ne, amma ƙananan fayiloli miliyan biyu, irin waɗanda kan taru idan aka matse rumbun kwamfuta gaba ɗayansa, suna iya cika ƙaramar na'ura tun ba a fitar da ko ɗaya ba.

A wayar salula kuwa abin ya fi muni, domin sau da yawa ba a ma ganin saƙo. Tsarin Android yakan rufe manhaja da kansa idan ram ya yi ƙaranci, sai mai waya ya ga aikin ya ɓace daga fuskar wayar a tsakiyar tafiya. Ƙananan wayoyi masu ram gigabait 1 ko 2, waɗanda suka fi yawa a karkara, ba su dace da wannan aiki ba.

Matsalolin da ke sajewa da ta memori

Ba duk tsayawar aiki ba ce laifin ram, kuma rarrabewa na da muhimmanci, domin maganin wannan ba shi ne na waccan ba.

Katunan memori masu gigabait 32 zuwa ƙasa, da filas da dama, suna zuwa ne da tsarin ajiya mai suna FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke ƙoƙarin fitar da fim mai gigabait 5 zuwa irin wannan filas zai ga aikin ya tsaya, ko da filas ɗin babu komai a cikinsa. Sai an sauya tsarin zuwa exFAT ko NTFS, kuma sauyawar da aka saba yi tana goge duk abin da ke ciki.

Sai kuma batun ɗakin wucin gadi. Idan mutum ya buɗe kundi a WinRAR ko 7-Zip ya jawo fayil da linzami ya ajiye a wani wuri, manhajar takan fara kwance shi ne a wani ɓoyayyen wuri a babban rumbun kwamfutar, sannan a kwafe shi zuwa inda ake so. Idan babban rumbun ya kusa cika, aikin zai faɗi, duk da cewa rumbun waje da ake nufa yana da fili. Amfani da umarnin kwancewa na cikin manhajar, tare da nuna mata wurin da za ta zuba kai tsaye, yana kauce wa wannan.

Mafi ciwo shi ne jabun katin memori, wanda aka yi wa dabara yake nuna gigabait 64 ko 128 alhali ainihinsa 8 ne ko ƙasa da haka. Irin wannan kati yakan karɓi babban kundi ba tare da ƙorafi ba, sunan kundin da girmansa su bayyana daidai, amma abin da ya wuce ainihin ƙarfin katin bai shiga ko'ina ba. A nan babu wata dabarar kwancewa da za ta yi amfani, domin bayanan ba su nan. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta, irin su H2testw, da ke cika kati da bayanai su sake karantawa domin gano gaskiyar girmansa.

Shi ma ram yana lalacewa. Idan kundi ɗaya yana ba da kuskure a wurare dabam-dabam duk lokacin da aka gwada, amma ya kwance lafiya a wata na'urar, to ram ɗin ne abin zargi, kuma Windows na da manhajar gwada shi a cikinta.

Kundi dunƙulalle da ɗaukewar wuta

Domin ƙara matsewa, 7-Zip ta saba haɗe fayiloli da yawa ta mai da su kamar igiya ɗaya kafin ta matse, WinRAR ma tana ba da wannan zaɓi. Kundayen da sunansu ke ƙarewa da tar.gz su ma haka suke, har ma sun fi, domin ba su da jerin sunaye a gefe guda.

Sakamakon shi ne, wanda ke neman takardar da ke ƙarshen igiyar sai ya jira an kwance duk abin da ya gabace ta. Idan kuma wani ɗan wuri ya lalace a tsakiya, abin da ke bayansa a cikin wannan dunƙule yakan tafi tare da shi. A kundin ZIP kuwa kowane fayil zaman kansa yake, lalacewar ɗaya ba ta cika shafar maƙwabcinsa ba.

Idan ram ya gaza, Windows takan ari wani yanki na rumbu ta mai da shi kamar ram. Wannan yana hana aikin faɗuwa, amma rumbu, musamman irin na da mai juyawa, ya fi ram nawa ƙwarai da gaske. Aikin minti ashirin sai ya koma na sa'o'i.

A wurin da wuta ke tsayawa, wannan haƙuri kawai yake nema. A Batsari ko Safana kuwa, inda ake dogaro da janareta ko hasken rana, kuma batirin kwamfutar gwanjo sau da yawa ya riga ya mutu, sa'o'in nan kuɗin mai ne. A lokacin matakan tsaro na shekarar 2021 har sayar da fetur a jarka an hana a jihar. Kuma yawancin manhajojin nan ba su ci gaba daga inda suka tsaya, idan wuta ta ɗauke sai a koma farko.

Idan kundi ya riga ya gagara

Abu na farko shi ne kada a taɓa kundin na asali. Ƙarancin ram ba ya lalata shi, yana nan yadda yake. Garajen gyara shi, ko yi wa katin da yake ciki sabon tsari, su ne ke kawo asara. Idan da hali, a fara kwafe shi zuwa wani rumbu.

Daga nan sai a duba bayanin kundin. WinRAR tana nuna girman ƙamus a shafin bayanai, 7-Zip ma tana nunawa a gurbin da take bayyana hanyar matsewa. Idan adadin ya yi ƙasa sosai da ram ɗin na'urar, to matsalar tana wani wurin, a koma kan tsarin filas, ko filin babban rumbu, ko nau'in manhajar. Idan ya kusa ko ya zarce, sai a sake kunna kwamfutar, a rufe komai, musamman manhajar shiga intanet, a faɗaɗa yankin rumbun da Windows ke aro, a sake gwadawa.

Idan duk bai yi ba, hanya mafi sauƙi ita ce a kai kundin wurin kwamfuta mai ƙarfi, a Katsina ko Dutsin-Ma, a kwance shi sau ɗaya, sannan a sake ɗaure shi da ƙaramin ƙamus. Sai dai mai yin haka ya sani cewa duk abin da aka kwance a na'urar wani yana iya barin saura a cikinta, abin da ya kamata mai ɗauke da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai ya yi la'akari da shi.

Ranar ɗaurewa

Tun da girman ƙamus yana zama ne a ranar matsewa, a ranar ce gyaran ya fi arha. Ma'aunin da ya dace ba ƙarfin kwamfutar da ke matsewa ba ne, ƙarfin mafi raunin na'urar da za a iya samu ranar buƙata ne. Ƙamus mai megabait 16 ko 32 kusan kowace kwamfuta da ke aiki a yau za ta ɗauke shi, kuma ga takardun ofis na yau da kullum, abin da ake samu na ragi idan aka haura hakan bai cika kai darajar kasadar ba.

Akwai ma abubuwan da matse su ɓata lokaci ne. Hotunan JPEG, da sautin MP3, da bidiyon MP4, duk an riga an matse su tun a wurin ƙirƙira. Mai shagon tura finafinai da ya kwana yana matse gigabait 200 a mataki mafi tsanani zai wayi gari ya tarar kundin kusan gigabait 200 ɗin ne, sai dai yanzu ya fi wuyar buɗewa, kuma ya fi saurin salwanta. Irin waɗannan fayiloli gara a kwafe su yadda suke, ko a haɗa su a kundi ba tare da matsewa ba.

Raba ajiya zuwa kundaye masu cin gashin kansu, misali na kowace shekara ko kowane zangon karatu, ya fi tara komai wuri ɗaya. Wannan ya bambanta da yanka kundi ɗaya gida-gida, inda manhaja ke fitar da kashi na ɗaya da na biyu da na uku: a can idan kashi ɗaya ya ɓace, kwance sauran yakan zama da wuya, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Tsarin RAR yana ba da damar ƙara wani ɗan kaso na bayanan gyara a jikin kundi, wanda ke iya ɗinke ƙaramar ɓarna.

Kalmar sirri kuwa takobi ce mai kaifi biyu. 7z da RAR suna kulle kundi da tsarin AES mai ƙarfi, kuma idan kalmar mai tsawo ce aka manta ta, ko wanda ya san ta ya rasu ko ya bar gari, babu mai gyaran da zai iya fasa ta.

Ƙa'idar da masu wannan fanni suka fi ambata ita ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri na dabam. Ga mazaunin ƙauyen da ke bakin daji, wurin na dabam yana nufin gidan ɗan'uwa a Katsina ko Kano, ba ɗakin da ke kusa ba.

Manhajojin nan duka suna da umarnin gwada kundi ba tare da an fitar da komai ba, kuma yana bin duk bayanan ya tabbatar suna nan daidai. Amma gwajin da aka yi a kan kwamfutar da ta matse kundin lafiyar kundin kawai yake nunawa. Sanin ko zai kwance ranar buƙata sai an ɗauki filas ɗin an kai shi ga tsohuwar kwamfutar da ke makarantar ko shagon, an fitar da fayil ɗaya daga ƙarshen jerin, an buɗe shi an karanta.